Totur a Tsakiya

Ku gyara zama, mutanena, domin abin da ya faru ranar Asabar ɗin nan, har yanzu idan na tuna sai in ji tafin ƙafata ta dama yana tsuma. Na san da yawanku kun riga kun ɗaura mini aure da Fakhrul a zukatanku, har wata ta rubuto tana tambayar launin anko. Ku dakata tukuna.

Ga wanda ya shigo yau: ni ce Wardina, ɗiya ɗaya tilo a gidan Kamarul na nan Ipoh. A garejinmu akwai wata tsohuwa da ta girmi kowa a unguwa, sunanta Cempaka. Motar tsere ce ta kakana Tok Wan, Allah ya jiƙansa, ƙirar 1929, launin ruwan madara, ba rufi, kujera biyu kacal. Tun kafin a haifi Abah, wato mahaifina Kamarul, take ɗauke da lamba talatin da ɗaya a kulob ɗinmu na tsofaffin motocin tsere. Bana gwiwar Abah ta hagu ta ce ta gaji, likita ya hana shi taka kuloci, ga shi kakar wasanni za ta buɗe wata mai kamawa da jerin gwano zuwa Taiping. Dole Cempaka ta samu sabon direba. Ni na san wanda ya dace. Abah ma yana ganin ya sani, sai dai ba sunana yake kira ba.

Fakhrul yake kira. Likitan haƙori ne a Kuala Lumpur, dogo, mai ɗan gemu, da wasu hannuwa masu laushi kamar bai taɓa buɗe kwalba ba. Ya iya mota, kar ku ce na rage masa. Yana da kofunan da ya ciwo a tseren motocin zamani. Kuma ina son sa. To, na faɗa, ku huta. Idan sunansa ya fito a wayata sai in tsinci kaina ina yi wa bango murmushi. Amma son mutum daban, miƙa masa sitiyarin Tok Wan daban.

Ga kuma inda abin ya ƙara ɗaurewa. Cempaka ba ta jan mai da kanta. Wanda ya zauna a kujerar gefe shi ke buga famfon hannu, yana tura iska cikin tanki, idonsa a kan wata 'yar allura. Idan allurar ta faɗi, inji ya mutu. A kulob ɗinmu kuwa, duk saurayi da budurwar da suka zauna tare a mota ɗaya ranar buɗe kaka, ba sai an buga kati ba, kowa ya gane. Haka Abah da Mak, mahaifiyata, suka yi a zamaninsu. Shi a sitiyari, ita a famfo.

Da safiyar ranar horon direbobi ina cikin ɗaure igiyar takalmi, Mak ta leƙo da wani abu a hannu yana ƙamshin guga.

"Dina, tashi ki gwada."

Baju kurung ne, wato riga da dogon siket irin na matanmu, sabo fil, ruwan madara, da ɗan leshi a bakin hannu, har da ɗankwalin da ya shiga da shi.

"Na ranar Taiping ne," in ji ta. "Idan kika zauna kusa da shi, sai a ce ke da motar tela ɗaya ya ɗinka ku."

"Mak, ba a taka kuloci da dogon siket."

"Wa ya ce za ki taka kuloci? Famfo za ki buga, kamar yadda na buga wa Abahnki. Dubi hannuna, ya karye ne?"

"Na fa sa sunana a horon nan."

"Kin sa suna. Ni ma tun bara na sa sunana a ajin motsa jiki." Ta ninke kayan a kan gado tana shafa su. "Ke da ko kasuwa kin daina kai ni? Tun sabuwar shekara makullin motata ke rataye, kin maƙale wa babur kamar mai kai saƙon abinci. Abah ya bar ki ki yi wasanki yau don kada ki kumbura mana fuska, amma mota ɗaya direba ɗaya. Kuma ki daina ce wa yaron nan Likita kamar mai ciwon haƙori. Abang za ki ce, yadda mace ke kiran mijinta."

Na zura rigar aikina mai haɗe da wando, na soke ɗankwalina baƙi yadda iska ba za ta taɓa shi ba. Mak ba ta san dalilin da ya sa na ƙaurace wa motarta ba, ni kuma ban ga amfanin bayani ba. Ku zan gaya muku.

A motar da kuka sani, birki a tsakiya yake, totur a dama. A Cempaka akasin haka ne: kuloci a hagu, totur a tsakiya, birki a dama. Kai yana haddace wannan nan take. Ƙafa ce ba ta yarda. Ranar da tsoro ya zo, ƙafa ba ta tambayar kai, inda ta saba take zuwa. Shi ya sa a kulob ɗinmu aka kafa doka: duk mai neman izinin tuƙa mota mai totur a tsakiya, ranar horo ba ya taɓa motar zamani. Kawo shi ake yi, kamar amarya. Shugabar masu horarwa, da muke kira Anti, har bonet take shafawa ta ji ko da zafi. Ni kuwa na wuce doka, na hana ƙafata motar zamani tun sabuwar shekara.

Muna kan hanya a motar ɗaukar kaya, Abah na jan tirelar da Cempaka ke kai, ni a baya da kulolin abinci, sai wayata ta motsa.

*Dina, wanda zai kawo ni ya yi barci ya kashe waya. Na jira har na gaji. Na tuƙo kaina.*

*Tun daga Kuala Lumpur? Da ƙafarka?*

*A'a, da kunnena.* Ya haɗa da fuskar dariya. *Na ɓoye ta bayan masallacin ƙauye, zan ƙaraso a ƙasa. Anti ba za ta shafa bonet ɗin da ba ta gani ba.*

*Je ka faɗa mata da bakinka. Za ta ɗaga maka zuwa horo na gaba.*

*Horo na gaba sai bayan Taiping. Abahnki ya dogara da ni. Tsakiya totur, dama birki, na haddace kamar Fatiha. Ki rufa mini asiri, jikar Tok Wan.*

Na kifa wayar a cinyata. Ku duba mini wannan al'amari. Kalma ɗaya zan faɗa, a cire shi, sitiyari ya zama nawa ba gardama. Amma har in tsufa za a riƙa cewa Wardina da tsegumi ta samu mota, ta kai ƙarar saurayinta don ta san ba za ta iya kayar da shi a kan kwalta ba. Ni kuwa na san zan iya. Idan kuma na yi shiru, Cempaka ce za ta ɗauki ƙafar da ta yi awa biyu a kan babbar hanya tana taka birki a tsakiya.

"Wa ke sa ki haɗe rai?" Mak ta juyo. "Shi ne?"

"Ya ce yana gaishe ku."

"Allah sarki, ɗan albarka."

Filin horonmu tsohon filin saukar jirage ne a tsakiyar gonar kwakwar manja. An jera tsofaffin tayoyi a kowace kwana, ga wata hasumiyar katako a gefe. Tun daga nesa na hango Anti Vasanthi, shugabar masu horarwa, tana bin motocin da aka ajiye ɗaya bayan ɗaya tana ɗora tafinta a bonet. Tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata ce, ta haura saba'in, farin gashinta a kitse har baya, sari a jiki, takalmin tsere a ƙafa, usur a wuya. Manyan lauyoyi da masu kamfani na ga suna gyara tsayuwa idan ta doso su.

"Kai, wa ya kawo ka?"

"Matata, Anti."

"Ina take? Kira ta in gan ta."

Da ta iso kan Fakhrul, yana tsaye cikin farar rigarsa ta tsere, hular kwano a hammata, ya yi kyau har na ji haushin kaina.

"Tasi, Anti," in ji shi.

Ta dubi jar lakar da ta ɓata masa takalmi, ta daɗe tana dubawa. "Tasin naka ba ya son ƙarasawa ke nan." Ta wuce.

"Surukin Kamarul ya iso!" Baba Leong ne, mai wata jar mota da ta fi shi yawan tari, wanda ba a taɓa taro ya yi shiru ba. "Likita, ka bi ta a hankali. Tsohuwar nan haƙoranta na giya duk na asali ne, kada ka cire mata ko ɗaya!"

Aka yi dariya. Abah ya dafa kafaɗar Fakhrul yana washe baki. Ni ko kallona ba a yi ba.

Da hantsi aka yi darasin tutoci, aka yi na canjin giya. "Tsohuwar mota ba a tilasta mata," Anti na faɗa tana buga sanda a ƙasa. "Kuloci, saki, ɗan totur, kuloci kuma. Lallashinta ake yi. Wanda na ji ya sa ta kuka, shi zai wanke kwanonin rana." Ta zauna kusa da kowa ta zagaya da shi a hankali. Fakhrul bai yi kuskure ko ɗaya ba. Har na fara cewa a raina ko ni ce na cika tsoro.

Sai gwaji na gaske: kowa da gudunsa, kowa da mai buga masa famfo, Anti a saman hasumiya da madubin hangen nesa. Abah ya riga ya tsara, Fakhrul ne farko, ni a gefensa.

"Ku fara sabawa!" Mak ta ɗaga murya daga ƙarƙashin rumfa, wayarta a sama tana ɗauka.

Na shiga na zauna. Hannuna na hagu na kama famfo. Na dama kuwa na ajiye shi a kan katakon gaba, yatsana dab da makunnin wutar inji.

"Me hannunki ke yi a nan?" ya tambaya yana gyara tabarau.

"Hutawa yake."

"Ba ki yarda da ni ba."

"Da kai na yarda, Likita. Ƙafarka ce ban sani ba."

Ya yi dariya, ya ja mu.

Ya tuƙa ta da kyau, wallahi. Cempaka ta buɗe murya, iska na dukan fuskata, layukan kwakwa na wucewa kamar ana zuge labule. Kwanar farko lafiya, ta biyu lafiya. Muka miƙa a doguwar hanya, ya ba ta wuta, ya juyo ya ɗaga mini gira wai kin gani? Da ya mayar da ido gaba, sai ga wani ƙaton guza ya fito daga magudanar ruwa, tsawonsa ya kai mutum, ya tsaya a tsakiyar kwalta dab da bakin kwana yana zaro harshe kamar filin ubansa.

Ƙafar Fakhrul ta tafi gida. Ya danna tsakiya da duk ƙarfinsa.

Cempaka ta yi wata ƙara da ban taɓa jin ta yi ba, ta zabura. Na ga idonsa ya fito. Yana jin motar na ƙara gudu, yana ƙara dannawa, don a wurin ƙafarsa birki take takawa. Na buge makunni. Inji ya ɗauke.

"Dama! Ƙafarka dama!"

Ya samu birkin, amma kwalta ta riga ta ƙare. Muka faɗa ciyawa, motar ta ja gefe, ta je ta sumbaci tulin tayoyi. Na ji ƙarar gilashi. Sai shiru, in ban da tsuntsaye da numfashinsa. Guzan kuwa ya ƙarasa tsallakawa a natse, ko waiwaye bai yi ba.

"Dina. Dina, kin ji ciwo? Nuna mini hannunki. Dube ni."

Ba motar ya duba ba, ba mutanen da ke rugowa ba. Ni ya duba. Ku rubuta wannan a wani wuri, don ni na rubuta.

Fitilar hagu ce ta fashe, wadda Tok Wan ke gogewa da tsohuwar rigarsa kowace Juma'a. Abah ya iso yana ɗingishi, ya tsuguna da ƙyar yana tsince gilashin daga ciyawa, bai ce wa kowa komai ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Anti ta zo a ƙarshe, ba ta sauri.

"Guza ne, Anti," in ji Baba Leong. "Kowa ya gani. Ko ni ne..."

"Leong, rufe bakinka." Ta tsaya a gaban Fakhrul. "Yaro, wa ya kawo ka yau?"

Ya cire hular kwano. Ya dubi Abah, sannan ya dube ta. "Ni na kawo kaina, Anti. Motar tana bayan masallaci. Ƙarya na yi miki."

Mak ta dafe ƙirji. Anti ta gyaɗa kai kamar an gaya mata farashin albasa.

"Ba za ka riƙe sitiyari a kulob ɗin nan ba sai horo na gaba." Sai ta juyo kaina. "Ke kuma. Tun kafin ku tashi hannunki ke kan makunni, ina kallo. Wanda bai san komai ba ba ya ajiye hannu a nan. Kin sani?"

"Na sani, Anti."

"Kika yi shiru."

"Ban so a ce da baki na karɓi motar kakana ba."

"Sai kika gwammace ki karɓe ta a dagargaje." Ta daɗe tana kallona, irin kallon da ya sa 'yan mata da yawa kuka a ofishinta. Ban sauke ido ba. "Da dokata zan bi, ke ma kin tafi gida. Amma hannun ya yi sauri, na ba shi wannan. Dama ɗaya zan ba ki, ba gwaji, ba maimaici. Idan inji ya mutu a hanya, ko na ji giya ta yi kuka, sai baɗi." Ta nuna Fakhrul da sanda. "Shi zai buga miki famfo."

"Anti, bai taɓa..."

"Kun iya rufa wa juna asiri. Ku je ku rufa."

Kun gane abin da ta yi? Ta ɗauki rabona ta damƙa a hannun mutumin da yanzun nan ya rasa kujerar da nake nema. Ba sai ya yi mugunta ba. Ya ɗan sassauta hannu kawai, ya ce ya gaji, shi ke nan.

Aka turo Cempaka kan kwalta. Abah ya duba ƙafafunta da sitiyari, ya ɗaga kai alamar ba abin da ya goce. Na zagaya dama na zauna a inda Tok Wan ya fara ɗora ni a kan matashi biyu, a hanyoyin cikin gona, ƙafata da ƙyar take kaiwa. Abah ya san ina iya fito da ita daga gareji in zagaya unguwa. Bai taɓa ganin abin da tsohon ya koya mini idan mun yi nisa da gida ba.

Fakhrul ya naɗe doguwar ƙafarsa a kujerar gefe.

"Kai, jama'a, ku zo ku ga amarya da gemu!" Baba Leong ya ƙwala. "Likita, a kawo maka lalle?"

Kunnuwansa suka yi ja, amma bai juya ba. "Nuna mini," ya ce a hankali.

"Ka ga allurar nan? Kada ta sauka ƙasa da jan layi. Ja a hankali, tura da ƙarfi. A doguwar hanya ta fi shan mai, nan za ka ji a jikinka. Kuma kada ka kalle ni."

"Wannan na ƙarshen ne mai wuya."

"Abang, famfo."

Ban san lokacin da kalmar ta fita ba. Shi ma ya ji, don hannunsa ya tsaya cak kafin ya ci gaba.

Anti ta busa usur.

Mutanena, ba zan yi muku ƙaryar kunya ba: na tuƙa ta. Kuloci, saki, ɗan totur, kuloci, giya ta shige kamar cokali a kunu. A kwanar farko na bar bayanta ya ɗan zame yadda take so, na kamo ta da yatsu. Ƙafata ba ta yi tunani ba ko sau ɗaya, gidanta ɗaya ne a duniya. A doguwar hanya na buɗe mata duka, na ji muryarta ta koma irin wadda nake ji tun ina goye. Ta gefen ido ina ganin kafaɗarsa na hawa da sauka, hawa da sauka, gumi na bin gemunsa. Allurar ta yi rawa, ta sunkuya kan jan layi, inji ya yi tari ɗaya. Sai na ji ya yi wani nishi ya kama famfon da hannu biyu. Allurar ta miƙe.

Daidai inda ya fita ciyawa, na taka dama, na sauke giya, na shige kwanar kamar zare a allura.

Da muka tsaya, Fakhrul ya buɗe tafinsa. Fatar ta tashi ta fashe a wuri biyu, hannun da jibi zai shiga bakin mutane.

"Tun yaushe kika iya wannan?" ya tambaya, numfashinsa na sama.

"Tun kafin ka fara cire haƙori."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na gaya maka. Ka ce in sha Allah za ka riƙa ba ni ina ɗanawa."

Ya rufe fuska da hannun da bai fashe ba. "Na faɗi haka?"

"Har da shafa kan motar."

Bayan azahar aka baje shinkafar kwakwa a ganyen ayaba, da soyayyar kaza da shayi mai kumfa. Mak ta ɗaure wa Fakhrul hannu da bandeji tana yi masa faɗa ƙasa-ƙasa, irin faɗan da ba a yi wa baƙo. Abah ya ci abincinsa can gefe, gilasan fitila a ƙulle cikin hankicinsa. Tun da na sauko bai dube ni ba.

Anti ta hau kan akwatin lemo ta karanto abin da ke gabanmu bana: jerin gwanon Taiping, hawan dutse kafin damina ta yi ƙarfi, tsere biyu a nan filin, baje kolin watan 'yancin kai, da rakiyar auren jikar Baba Leong, wanda ta ce duk motar da ta ɗiga mai a ƙofar otal mai ita zai goge da rigarsa. Sannan ta shiga kiran motocin Taiping. Al'ada ce: ta kira lamba da direba, wanda zai zauna a gefe kuma shi zai miƙe da kansa, ba a kiran sunansa.

"Lamba talatin da ɗaya." Ta ɗago ta dubi Abah. "Kamarul, motarka ce. Yarinyar ta ci. Ka yarda?"

Abah ya juya ƙullin hankicin a hannunsa. "Mahaifina ya taɓa ce mini ita ce direban gidan. Na ɗauka wasan kaka da jika ne." Ya share murya. "Sa sunanta."

Na cije leɓe don kada in ba da kaina a gaban Baba Leong.

"Direba, Wardina Kamarul. Na gefe?"

Kujera ta yi ƙara a bayana. Fakhrul ne ya miƙe, hannu a naɗe, fuska a ɗaure kamar mai shiga kotu. A tarihin kulob ɗin nan ba a taɓa ganin namiji ya miƙe wa kujerar gefen budurwa ba. Rumfa ta kaure da ihu da tafi, Mak ta damƙe mini cinya har na ji farcenta.

Sai wata kujerar ta yi ƙara. Abah ne, ya dafa sandarsa, ya miƙe a hankali a kan gwiwar da ke ciwo. Mutumin da tun yana saurayi bai taɓa zama a hagun Cempaka ba.

Kowa ya juyo yana kallona.

"Kujera ɗaya ce," in ji Anti, kuma na rantse na ga bakinta na motsi. "Direba ke zaɓa."

"Dina," Mak ta raɗa, "kayan nan fa na riga na ɗinka."

Na dubi Fakhrul. Ina son sa, na gaya muku. Amma mutumin da ya fasa fitila da safe, ya sha kunya da rana, ban so ya nemi aurena da yamma don ya wanke fuskarsa ba. Idan zai miƙe mini, ya miƙe ranar da ba wanda ke bin sa bashin ban haƙuri. Na dubi Abah kuma, yana tsaye yana kallon ƙasa kamar ɗalibin da bai tabbata za a ɗauke shi ba.

"Abah," na ce.

Fakhrul ya koma ya zauna. Baba Leong ya buɗe baki, Anti ta nuna shi da sanda, ya mayar ya rufe.

A hanyar gida Mak ta juya fuska ga taga tana jan tsaki lokaci-lokaci. Wayata shiru. Muka wuce ƙauyen, na hango motarsa a bayan masallaci, shi kuma a tsaye kusa da ita. Har muka hau babbar hanya ba saƙo. Na fara gaya wa kaina cewa idan wannan ya ishe shi ya tafi, to gara yau da gobe. Ina faɗa, ina sake duba wayar.

Sai wayar ta motsa.

*Na duba taswira. Ashe hanyar Taiping akwai dawowa.*

Ban kai ga amsawa ba, Abah ya yi gyaran murya, idonsa a kan hanya.

"Dina, wannan gwiwar tawa. Zuwa kawai za ta iya a ƙuntatacciyar kujerar nan. Dawowa sai ki nemi wani." Ya gyara riƙon sitiyari. "Mai hannu biyu. Na ga yana da ƙoƙari."

Mak ta juyo daga taga da sauri har ɗankwalinta ya zame.

Na sunkuyar da kai, na rubuta: *Fitilar hagu tana jiran wanda ya fasa ta. Asabar, bayan azahar, a garejinmu. Daga nan sai darasin famfo.*

*Zan zo.*

*Abang.*

*Na'am?*

*A bas.*